Ranar da Inna Jidda Ta Zagi Zalɓe

"Lafiya lau, amarya. Ya zafi, ya kuma tsufa?"

"Tsuhwa shina gidanku, can ka baro shi. Duƙa, kak ka ɗebe min rumhwa da kai. Mi kaz zo min da shi?"

"Na zo miki da kaina."

"Kayya. Mazan wasu su shigo da tsire, nawa shi shigo da tsawo. In miya ta rasa nama sai in yanki ƙwaurinka?"

Haka Inna Jidda da jikanta Mujtaba suke gaisawa tun yana rarrafe. Ita tana kiransa maigida, shi yana kiranta amarya, kuma a tsawon wannan aure ba a taɓa jin ya kawo cefane ba, ba a kuma taɓa jin ta yafe masa ba. Ranar Asabar ce da hantsi, bazara ta kai inda ko kaji sun daina yawo a tsakar gidan nan na Gwandu. Mujtaba ya taso daga Kalgo tun da safe, ya shigo zaure a duƙe kamar mai neman allura, domin Allah ya ba shi tsawon da ba a san inda ya gado shi ba. Inna takan ce dogo da hankali dace ne, su kuwa ba su dace ba.

Ya zauna a bakin tabarma. Ta turo masa ƙwaryar fura tana cewa ba don shi ta dama ba, akuya ce ta ƙi sha.

Abu biyu ne suka kawo shi, ɗaya a aljihu, ɗaya a maƙogwaro.

Na aljihun waya ce. Hutun bara waccan Mujtaba ya kwanta a ƙarƙashin wannan rumfa yana kallon ƙwallon kwando ta Amurka, Inna ta zo da muciya za ta kore shi ya je ɗibar ruwa, sai ta tsaya leƙe. Ta tambaye shi su wa yake so, ya ce masu riga ruwan ɗorawa. Nan take ta ce to ita masu shuɗiyar riga take so, ba don komai ba sai don kada a ce ta bi ra'ayin miji. Ta raɗa wa nata suna 'Yan Shuni, nasa kuma 'Yan Ɗorawa. Ba ta jin Turancin masu sharhi, ba ta kuma damu da sunayen da iyayen 'yan wasan suka sa musu ba, kowa ita ta yanka masa nasa ragon. Dogon tsohon nan na 'Yan Shuni, mai tsayawa ƙarƙashin kwando kamar yana jiran kifi, shi ne Zalɓe. Gajeren 'Yan Ɗorawa mai kutsawa tsakanin ƙafafun mutane shi ne Kurege. Mai horar da 'Yan Shuni kuwa sunansa Mai Sanƙo, kuma a wajenta tun da aka haife shi bai taɓa yin daidai ba.

Tun daga lokacin, in gasar ta kai zagayen fitar da gwani, Mujtaba kan sauke wasan a waya ya kawo mata ranar Asabar su kalla tare. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: kada ya leƙa sakamako kafin ya iso. Bana ƙungiyoyin nasu biyu ne suka haɗu, kowa ya ci uku, wanda ke cikin aljihunsa kuwa shi ne na bakwai, wanda duk aka doke ya tattara takalmansa sai baɗi. Don cika alkawari sai da ya rufe fuskar wayar da tafin hannu yana saukewa, ya kuma bi ta bayan gari zuwa tasha don kada ya haɗu da abokansa su ɓarar masa da labari.

Na maƙogwaron kuwa saƙon mahaifinsa ne. Yanar ido ce ta kama Inna, na dama ya riga ya rufe, na hagu yana bin sahu. Likitocin ido za su sauka a Kalgo ranar Litinin, suna cire irin wannan yana, kuma mahaifin nasa, Malam Sirajuddeen, ya nema wa mahaifiyarsa wuri. Sai dai Malam Sirajuddeen ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta amsa tana kallon akuya. Sau biyu yana ɗauko maganar asibiti, sau biyu tana tambayar akuyar ko ta ci dusa. Ga mutum da furfura a gemu, amma ba shi da bakin da zai ce wa uwarsa tashi mu tafi. Shi ya sa ya aiko wanda al'ada ta yarje wa ya faɗa mata komai.

Mujtaba bai fara da saƙon ba. Sai da ya shanye furar da akuya ta ƙi, sannan ya tambayi ragarsa. A filin da suke wasa a Kalgo zoben ƙarfe ne kawai tsirara a jikin katako. Inna kuwa 'yar masunta ce daga Diggi, aure ne ya kawo ta Gwandu, yatsunta sun iya saƙar koma tun kafin ta iya daka. Ya roƙe ta ta saƙa musu raga tun mangwaro yana ɗanye.

"Ba ta ƙare ba," in ji ta.

"Amarya, mangwaron har ya nuna ya ƙare."

"To shi ƙare. Ni har yau ban gane kan wasan ga naku ba. Ƙatti goma, kowa ya ci ya ƙoshi, suna ta haki don su jehwa abu cikin raga, ragar kuma ba ta da gindi. A Diggi in mutum ya saƙa irin wagga, ba a ba shi mata."

"Amma kina kallo."

"Don Zalɓe nika kallo. Shi ma Mai Sanƙo ya hana ni."

Nan ya san ya taɓo inda ke mata ƙaiƙayi. Tun farkon zagayen Mai Sanƙo ya ajiye Zalɓe a benci saboda gwiwa, kuma Inna ba ta yafe ba. Ta ce mutum ya yi maka bauta shekara da shekaru, ranar da ƙafarsa ta yi tsami sai ka ɗora shi a kan katako ka miƙa masa tawul, wannan ba horarwa ba ce, butulci ne. Mujtaba ya ce ai ɗan aiki aka yi wa gwiwar, hutu ake ba shi, kuma karen bana shi ke maganin zomon bana. Ta ce tsohon doki mai sane. Ya ce tsohon doki a turke ya fi kyau. Ta ce shi ma ranar da ya tsufa a turke za ta ɗaure shi, in ta samu igiyar da za ta kai wuyansa.

Daga nan ta koma kan nasa. Ta ce 'Yan Ɗorawa ba 'yan wasa ba ne, masu korar tsuntsu ne a gonar shinkafa, su tsaya can nesa suna jifa.

"Jifan nesa maki uku ne, amarya."

"Komi nisan jihwa ƙasa shika hwaɗowa. Tsoro na. Mai tsoron shiga ruwa ba shi kama giwan ruwa."

"Kurege yana shiga."

"Kurege ɓarawo na. Wanda ka bi ta ƙarƙashin mutane ai ba da gaskiya yaz zo ba."

Ya yi dariya, ya juya ludayi a cikin ƙwaryar da babu komai, sannan ya saki abin da ke maƙogwaronsa a hankali. Ya ce ai ita ma ɗan aiki ne za a yi mata, irin na Zalɓe. Da safe a yi, kafin la'asar tana zaune tana zagin mutane.

"Idona lahiya lau. Ina ganin muninka sarai."

"Wannan ko makaho yana ji a jikinsa. Baba ya ce ranar Litinin ne."

"Wancan na Kalgo shi ji da gonarshi." Ta gyara ɗankwali. "Kac ce irin na Zalɓe. To ka ga Zalɓe ya dawo?"

Ta ce ya tuna ƙawarta Lauratu ta Maruda, wadda 'ya'yanta suka zo da mota suka ce kwana biyu za ta yi a birni a duba mata ƙafa. Damina uku ke nan. An ba ta ɗaki mai fanka da talabijin, ana kai mata abinci a kula, ɗakinta na Maruda kuwa an zuba albasa a ciki. Ta ce ba wanda ya zalunci Lauratu, kowa kirki yake mata, kuma haka ake yi wa Zalɓe, ana tafa masa in an nuno shi a benci.

"Ni ba ni son tawul," in ji ta. "Ɗakina nika so."

Ya ce ba wanda zai riƙe ta. Ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle shi da ya zama rimin da kansa bai hango komai ba. Suka ja, suka ja, har ta gaji. Sai ta buga tafi a cinya ta ce a raba gardama: ga wasa a aljihunsa. In 'Yan Ɗorawa suka ci, za ta bi shi Kalgo yau ɗin nan. In 'Yan Shuni suka ci, kada ta ƙara jin sunan garin a bakinsa.

"Amarya, caca a gidan malamai?"

"Caca da kuɗɗi aka yin ta, kai kuwa ba a taɓa ganinka da su ba. Alkawari na."

Ya yarda. Ya jingina wayar a jikin ƙwarya bisa kujera 'yar tsugunne, Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

'Yan wasa suka fito, sai Mujtaba ya ga abin da bai zata ba. Ƙungiyoyin nan suna da riga fiye da ɗaya, sukan sauya in sun ga dama. Yau 'Yan Shuni sun fito da farare tas, 'Yan Ɗorawa kuma da baƙaƙe.

"Ga ɗiyana nan," in ji Inna, ta ɗora yatsa a kan masu baƙar riga. "Diba shuni, awa yanzu anka hiddo su daga marina. Naka kuwa rigar ta koɗe don tsoro."

Ya buɗe baki zai gyara mata, sai shaƙiyancin jika ya rufe masa shi. Ya ce a ransa bari ta ɗan yi wa nasa kirari, ya samu abin tsokanarta har Sallar Layya. Ai yanzu za ta gane.

Ba ta gane ba.

Kurege ya karɓi ƙwallo cikin baƙar riga, ya sulale tsakanin mutum biyu ya zura. Inna ta ɗaga hannu ta sa masa albarka, ta tambayi inda Mai Sanƙo ya samo wannan yaro mai zafin nama. Mujtaba ya ce yana nan tun da. Ta ce to ka gani, irin waɗannan yake ɓoyewa. Wani mai baƙar riga ya tsaya can nesa ya jefa ta shiga, ta ce wannan shi ne jifa da ilimi, ba irin na masu korar tsuntsu ba. Mujtaba ya cije leɓe yana danne dariya har hawaye ya taru masa. In farare suka zura kuwa, wato nata na gaskiya, sai nishi ya kuɓuce masa.

"Nishin mi kaka yi? Naka na sunka ci."

"Fura ce ta tsaya min."

"Allah shi ƙara. Wanda yash sha rabon akuya."

Can ta tambaya ko Mai Sanƙo ya sa Zalɓe. Ya ce yana benci, kuma gaskiya ya faɗa. Ta yi tsaki ta ce a bencin zai mutu.

Aka tafi hutun rabin lokaci aka dawo. Dariyar Mujtaba ta fara raguwa, domin ya daina kallon wayar ya koma kallon kakarsa. Ta karkace kai gefe guda don idon hagu ya fuskanci gilashin. Ba ta motsi sai 'yan kallo sun yi ihu, sannan ta laluba da yatsa ta ga wace inuwa ce ke gudu da murna, mai duhu ko mai haske. Bara ita ce ke ganin an ture mutum tun kafin alƙali ya busa usur. Bara ta kan ce masa Zalɓe bai yi aski ba. Ashe duk makwannin nan da yake ta sintiri daga Kalgo da wasa a aljihu, inuwa biyu kawai take kallo, kuma ba ta taɓa faɗa ba.

Ya so ya yi magana, sai ya tuna alkawarin. In baƙaƙe suka ci, za ta yi murna ta zaci ta tsira, shi kuma sai ya fasa mata murnar. In farare suka ci, za ta zaci an doke ta, ta bi shi da kanta. Ya rasa abin da zai roƙa. Tun da suka fara wannan kallo yau ne kawai su biyun suke tafa wa ƙungiya ɗaya, kuma mutum ɗaya ne ya sani.

Ana cikin zango na ƙarshe, baƙaƙe suna gaba da ɗan kaɗan, sai Mai Sanƙo ya waiwaya benci ya yafito. Zalɓe ya miƙe, ya yar da tawul, gwiwa a naɗe da farin ƙyalle. Filin ya ɗauki ihu har wayar tana rawa a jikin ƙwarya.

"Ihun mi na wanga?"

"Wani dogo ne ya shigo."

Ta matsa, ta ƙanƙance ido. "Wanga hwarin turke? Ina kunka samo shi?"

Kurege ya sulalo kamar yadda ya saba, ya ɗaga ƙwallo, farin turken ya miƙa hannu ya mare ta har wajen fili. Inna ta ce mugu. Ya sake yi, ta ce azzalumi, mai cin zalin ƙananan yara. Daga nan ta buɗe masa buhu. Ta ce ƙafarsa muciya, wuyansa na raƙumi, ta roƙi Allah ya tsinka masa igiyar takalmi. Ta zagi tsawonsa, ta zagi tafiyarsa, ta haɗa da uwar da ta haife shi da kakar da ta goya shi. Mujtaba ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma.

Lokaci ya zo gargara, baƙaƙe suna gaba da maki ɗaya. Aka miƙa wa Zalɓe ƙwallo a ƙarƙashin kwando, mutum biyu sun rataye a jikinsa. Bai yi gaggawa ba. Ya juya a kan ƙafa mai lafiya, ya ajiye ta a raga kamar mai ajiye ƙwai. Ƙaho ya yi kuka, fararen riguna suka cika fili suna tsalle.

Inna ta ja da baya daga wayar.

"Mai Sanƙo ya kashe ni," in ji ta daga baya, murya ƙasa ƙasa. "Da ya sa Zalɓe da ba a yi muna haka ba."

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ce alkawari kaya ne, jakarta tana bayan ƙyaure. Ta tsaya a bakin ɗakin tana shafa dogarin ƙofa da tafin hannu, sannan ta ce in zai fita ya leƙa maƙwabta ya gaya wa Ummulkhairi ta zo ta ja akuyar. In akuyar ta haihu, 'ya'yan na Ummulkhairi ne.

Abin da aka aiko shi nema ke nan ya faɗo masa a hannu. Shiru kawai zai yi zuwa Litinin, mahaifinsa ya sa masa albarka, ido ya buɗe, daga baya a yi dariya. Amma ya san akuyar nan. Inna ba ta taɓa yarda wani ya ba akuyar ko dusa ba, kuma wadda ta kyautar da 'ya'yan da ba a haifa ba, ba ta sa ran tana nan ranar haihuwar.

"Amarya, dawo ki zauna."

"Ka ci, mi kuma kaka so? In yi ma guɗa?"

"Ban ci ba. Ke kika ci."

Ya gaya mata zancen riguna. Ta ce ƙarya yake, ya ga ta tsufa yana so ya mai da ita abin wasa. Ya mai da wasan baya zuwa inda dogon ya tashi daga benci, ya tsayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu har mutumin ya cika gilashin. Ta karɓi wayar ta kai ta dab da idon hagu. Fuskar ba ta fito mata ba. Ya saki hoton ya ci gaba da tafiya, dogon ya taka zuwa tsakiyar fili, kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama sauka. Tun ranar farko abin da ya sa ta so shi ke nan, ta ce haka marigayi Malam Ibrahim, kakan Mujtaba, yake tafiya in ya dawo daga masallaci.

"Zalɓe na," in ji ta.

"Shi ne."

Ta zauna a hankali. "Mi nic ce mai?"

"Kin ce ƙafarsa muciya."

"Sai mi?"

"Kin ambaci mahaifiyarsa."

"Subhanallahi."

"Da kakarsa."

"Har kakar? Tsohuwa 'yar'uwata, ba ta yi min komi ba." Ta laluba ta ɗauki ludayi ta ƙwala masa a gwiwa. "Kai kuma kana zaune kana jina, ɗan banzan miji, ina sa ma Kurege albarka."

"Ta kama shi kuwa, ya yi wasa mai kyau."

Ta ɗaga ludayin za ta ƙara, sai hannun ya sauka da kansa. Ta ce mako da makwanni tana jiran bawan Allahn nan ya tashi daga benci, ya tashi a gabanta, ita ce ta fara jifansa. Mujtaba kuwa an ci shi, sunan garin nan ya haramta a bakinsa. Akuya ta leƙo daga turke ta yi kuka ɗaya ta koma.

"Mi yah hana ka yin shiru?" in ji ta. "Da yanzu muna tasha."

"Wadda ta ba da akuya ba ta da niyyar dawowa. Ni kuwa ban shirya zaman gwauro ba."

Ta yi ɗan murmushi, ta juya wayar a hannunta. Sai ta faɗi abin da ba za ta taɓa faɗa wa akuya ba a gaban ɗanta. Ta ce an gaya mata in an gama aikin ana ɗaure ido da ƙyalle, mutum ya kwana bai ganin komai. To wa zai riƙe mata hannu? Wancan mutumin ba ta iya miƙa masa hannunta, kunya ba za ta bari ba, ko da rami ne a gabanta.

"To mene ne amfanin miji?" in ji Mujtaba.

"Shi nika tambaya tun ran da anka haihe ka."

Ta tambayi yaushe 'Yan Shuni za su fara zagaye na gaba. Ya ce cikin makon nan, zai sauke ya ajiye. Ta tambayi a ina za a kalla. Ya ce a ƙarƙashin rumfar nan, bisa tabarmar nan, da zarar likita ya ce tana iya shiga mota. Ta ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa, ya ƙara da cewa alkawari kaya ne, shi kuwa yana da wuyan ɗauka.

"Mai Sanƙo dai ya yi daidai ke nan," in ji shi. "Ya ba shi hutu, an gyara, ya dawo ya ci muku wasa."

"Dace yay yi, awa wanda yaj jehwa koma shina barci. Ɗauko min jakata."

"Ina za ki?"

"Ba ka da bakin tambaya, an ci ka. Unguwa za ni, kai ɗan rakiya na. In wancan mutum ya tambaya, ka ce ba don shi nit taho ba. Akwai wanda nika son gani da kyau in ba shi haƙuri." Ta ɗaga yatsa. "Ummulkhairi kuma ka ce mata aro na. Ta taɓa min ɗan akuya ta gani."

Ya shiga ya ɗauko jakar. Da ya fito ya tarar ta zaro wani abu daga ƙarƙashin tabarmar da take zaune, ta jefa masa a ƙirji. Raga ce ta farin zare, ƙulli bayan ƙulli kamar an auna, aikin yatsun da ba su buƙatar haske. Ashe ta daɗe da gamawa. Ya ɗaga ta sama yana murna, ya zura hannu ta baki, hannun ya tsaya. Ta tattare gindin ta ɗaure shi tamau, irin ɗaurin da ko tarwaɗa ba ta kuɓuce masa.

"Amarya, ai ƙwallon ba za ta faɗo ba."

"Na sani. Ka rataya ta hakanan. Duk wadda kaj jehwa tash shiga, ka hau ka hiddo, ka tuna kana da matar da ba ka mai da ɗakinta ba. Ran da ka maido ni, ka zo da ita in kwance ma da idona."

"Ba mu da tsani a filin."

"Kai na tsanin." Ta tuntsire da dariya, ta miƙa masa hannu ya kama. "Yau dai tsawon ga ya yi rana. Mu tahi, maigida. Ka duƙa a zaure."